Dutse da Rubutu: Daga Layun Rumawa zuwa Talhatana

Zan fara da wani abu da likitan nan Jalinus ya gwada a ƙarni na 2 na Miladiyya.

A zamaninsa mutanen daular Rum, musamman na Misira, sun kasance suna sassaƙa siffofi da baƙaƙe a kan ƙananan duwatsu masu daraja, su rataya domin tsari. Mai ciwon ciki akan ba shi koren dutse mai siffar maciji da kan zaki. Jalinus ya ce shi ya rataya irin dutsen nan ba tare da zane ba, kuma bai ga amfaninsa ya ragu ba. Ko mun yarda da gwajin ko ba mu yarda ba, ya tayar da tambayar da ta shafe mu: shin ina asirin yake, a dutsen ko a abin da aka zana?

A ƙasarmu an raba biyun. Rubutu ya koma takarda, malam ya rubuta, baduku ya ɗinke cikin fata, aka kira shi laya. Dutse kuwa ya zo mana babu baƙi ko ɗaya a jikinsa. Wanda ya tashi a Dinawa, ko Rabah, ko Goronyo, in ya bincika kayan kakarsa, mai yiwuwa ne ya tarar da talhatana, wato jan dutsen nan mai huda da tsini wanda Larabawa ke kira aƙiƙ, Azbinawa kuma ke ratayawa. Ado ne, amma da yawa sun ɗauke shi maganin kambun baka.

Asalinsa Kambat ne, a Gujarat ta Indiya. Alhazai da fatake suka riƙa kawo shi ta Makka da Misira. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a 1837, kafin wannan ciniki ya sauya hannu. Daga baya cikin ƙarni na 19 masu gurza dutse na Idar-Oberstein a Jamus suka kwaikwayi siffar da aƙiƙ ɗin Barazil, suka cika kasuwa. Sannan masana'antun Bohemiya suka zuba ta da gilashi, da araha.

To, Jalinus zane kaɗai ya cire. Waɗannan 'yan kasuwa dutsen kansa suka cire, ya rage sai launi da siffa, kuma mata ba su daina saye suna ratayawa ba.