Asalin Gilashin Tabarau

Ku 'yan makaranta, ba wanda bai taɓa ganin tsohon malami a Damba ko cikin Gusau ya ɗora tabarau bisa hanci kafin ya buɗe littafi ba. To, gilashin nan siffar waina gare shi, watau tsakiya da kauri, gefe ba kauri. Haske kuwa in ya shiga gilashi saurinsa raguwa ya ke yi, ya koma wajen kashi biyu cikin uku, saboda haka in ya shiga a karkace sai ya tanƙware. Wanda ya bi tsakiya ya wuce sosai, na gefe ya fi tanƙwarewa, duka su tattaru wuri guda. Ku tara gilashin ga ranar bazara, ku sa busasshen ganye daidai matattarar nan, kwa ga hayaƙi. Amma kul wani ya dubi rana da shi, makanta ke nan. Cikin idon kowa akwai ƙwaya mai wannan siffa. Bayan shekara arba'in sai ta yi tauri, tabarau ya taimake ta.

Galibinmu mun ɗauka hikimar nan duk ta Turawa ce. Ba haka ba ne. Wajen shekara ta 984 wani malami a Bagadaza, Ibnu Sahal, ya wallafa littafi a kan gilashi mai ƙona abu, ya fid da lissafin tanƙwarar haske daidai. Bayansa Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya zauna Masar, ya rubuta Kitabul Manazir, ya tabbatar haske ne ke shiga ido, ba ido ke fid da haske ba. Wajen 1200 aka juya littafinsa da Latin, Turawa suka duƙufa kansa. Kafin 1300 an ƙera tabarau a Italiya, a 1608 kuma aka yi madubin hangen nesa a Holan.

Littafin Ibnu Sahal fa? Abin takaici, ya rasa masu karatu. Takardunsa suka warwatse, waɗansu a Dimashƙa, waɗansu a Tehran. Da wani Bature na Holan, Snell, ya sake gano lissafin nan a 1621, sai duniya ta laƙaba masa sunansa. Sai a 1990 wani masani Bamisire, Rushdi Rashid, wanda ya harhaɗa takardun, ya bayyana wa duniya abin da ke cikinsu, shekara dubu bayan an rubuta su.