Injin haske mai cire gashi da baƙar fata

'Yar'uwa, injin nan mai walƙiya da dillaliya take shigo miki da shi har ɗaki, asalinsa Amurka ne. A 1983 wasu likitoci biyu a Boston, Anderson da Parrish, suka nuna cewa haske yana iya ƙona abu mai duhu a cikin fata ya ƙyale na gefensa. Daga nan aka auna saiwar gashi. Hukuma ta amince da shi a hannun masu aikin fata a 1995, na gida kuwa sai 2008.

To ga inda gizo ke saƙar. Hasken nan duhu yake bi, bai san gashi daban, fata daban ba, don haka farar mace mai baƙin gashi ya fi yi wa aiki. Mu masu duhun fata yana iya ƙona mu har wurin ya ɗuri ruwa, ya bar tabo na watanni. Ki sa a karanta miki takardarsa tukuna, da yawa sun hana baƙar fata sarai.

In kin riga kin yi, ɗan ja da kumburi sukan wuce. Ɗora tsumma mai sanyi, ki guji rana da ruwan zafi, ki ɗaga dilka da man bilicin. Halawa kuma tuge saiwar take yi, hasken ya rasa abin kamawa. Kada ki haska kan lalle ko kusa da ido. In ya ɗuri ruwa, maigida ya kai ki asibiti.