Madarunfa: garin da ruwa ya raina

Yau ba labarin kasuwa ko na siyasa muka kawo muku ba. Gida za mu koma, bakin tabki.

Mu da muka yi lakwal da kwaleji, mun haddace sunayen manyan kogunan duniya da Faransanci, mun zana su a kaye, an ba mu maki. Amma gulbin da muke wanka cikinsa muna yara, sai da muka girma muka san inda ya fito. Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo Nijar ta wajen Nyelwa, ya ratsa ƙasarmu, ya wuce Maradi da Tibiri da Gidan Runji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da kogin Rima. Da damina in ya cika ya tumbatsa, shi da gulbin Gabi su ke zuba ruwa cikin tabkin Madarunfa. Wanga tabki shi ne uwar garin. In an cire shi, babu tarihin da za a ba da.

Abin lura, hanyar da ruwan yake biyowa ita mutane da yawa suka biyo. Tun kafin jihadi akwai Anna manoma a cikin wannan kwari, da gonakinsu da al'adunsu. A 1807 Katsina ta faɗa hannun masu jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sarakunan Haɓe suka fita suka yi arewa. Wajejen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna a Maradi, sarautar Katsina ta dasa sabon gida. Daga nan ƙasarmu ta zama tsakiyar wuta: Katsina a kudu, Maradi a arewa, dawaki na kai da komo. Zamanin Sarki Ɗan Baskore hare-haren sun yi yawa ƙwarai. Wanda ke zaune tsakanin mayaƙa biyu dole ya koyi haƙuri da iya magana da kowa, kuma mu a ganinmu wannan hali har yau bai bar mutanen nan ba.

Sai Turawa suka zo. Faransa da Ingila suka zauna can ƙasashensu, a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, suka ja layi a takarda. Layin ya bar Jibiya a hannun Ingilishi, Ɗan Isa a hannun Faransi. Amma wa ya taɓa raba dangi da alƙalami? Har gobe ana kai amarya Jibiya, ana zuwa gaisuwar mutuwa daga Katsina, kuma ɗan kasuwarmu yana lissafi da sefa da naira a lokaci guda ba ya ruɗewa. Da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019, da kuma lokacin takunkumin 2023, kowa ya ji a tukunyarsa.

Sai maganar waliyyai 99 da ke kwance kewayen tabki. Duk ɗan Madarunfa da ita ya tashi. Baƙi na zuwa ziyara daga nesa, su yi addu'a, su ba da sadaka, su koma. Malamai sun sha bamban a kan ziyarar, kuma ba mu ne za mu yanke hukunci ba. Abin da muka sani, waɗannan kushewu su suka fitar da sunan garin. A 2006 Nijar ta sa gandun daji da tabkin da kushewun cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. A 2019 kuma tabkin ya shiga jerin Ramsar, wato wuraren ruwa masu daraja ga duniya baki ɗaya, saboda kifinsa da tsuntsayen da ke sauka kansa, wasu tun daga Turai.

To, a zahiri me tabkin ke ba mu? Masunta na fita da asuba su dawo da karfasa da tarwaɗa. Mata na soyawa suna sayarwa, da kuɗin ake sayen sabulu da kaye na yara. In ruwa ya janye, manomi ya bi danshi ya shuka. Makiyayi ya shayar da garkensa. Can Jiratawa, filin noman rani na ONAHA da zogalen da ake lodi zuwa birane, duk albarkar kwarin gulbi ne. Gundumar tana da kwamin shida: Madarunfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma, kuma ƙidayar 2012 ta samu mutane fiye da dubu 400 a cikinta. Bakuna ne masu yawa a kan ruwa ɗaya.

Nan ne damuwarmu take. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya wajejen 1990, gulbi ba ya zuwa yadda dattawa suka san shi. A shekarar 1990 ɗin ne ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kai, har da na gulbin nan. Takarda na nan, saura a riƙa tuna wa hukumomi da ita. Amma kada mu ɗora wa maƙwabta komai. Itacen da muke sarewa a dajin Baban Rafi, da gonakin da muke turawa har bakin ruwa, su ke sakin yashi yana gangarowa yana cike tabki. Ga kuma 'yan bindiga da suka addabi ƙauyukan iyaka da satar shanu da garkuwa da mutane, har wasu sun bar gonakinsu. Ƙauyen da ya watse, labarinsa ma watsewa yake.

Shi ya sa muke roƙo biyu. Na farko, wanda duk ke da gona a bakin tabki ko gulbi ya bar 'yar tazara, ya dasa itace, ya kyale wanda ya tsiro. Na biyu, ku samari masu waya a hannu: ku je wurin kaka ko kakanku tun suna da rai, ku kunna rikoda, ku tambaye su wa ya sari garinku, daga ina ya taso, ina ruwa yake kaiwa suna yara, wace kushewa ce ta wane. Ku turo mana muryar, za mu sa ta a shiri da sunan ƙauyenku. Mun sha zuwa neman dattijo a ce mana an yi jana'izarsa satin da ya wuce.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wane ƙauye kuke so mu fara da shi?