Gidan Tarihin Jimmy Carter a Atlanta: Daga Rumbun Takardu Zuwa Yaƙi da Kurkunu

Franklin Roosevelt ne ya fara al'adar gina wa shugaban Amurka gidan ajiye takardun mulkinsa, inda ya buɗe nasa a Hyde Park a 1941. A 1955 majalisa ta mai da abin doka: magoya bayan shugaba su tara kuɗi su gina, hukumar adana takardun ƙasa ta karɓa ta ci gaba da kula. Wannan nauyi ya hau kan Jimmy Carter ne a lokacin da tauraruwarsa ta dusashe. Ronald Reagan ya kayar da shi a zaɓen 1980, ya koma garinsu Plains a jihar Jojiya ya tarar bashi ya yi wa kasuwancinsa na gyaɗa katutu.

Filin da aka samu a Atlanta tsohuwar unguwar Copenhill ce, wadda aka rushe gidajenta domin wata babbar hanya da Carter da kansa ya dakatar yana gwamna. An aza harsashi a Oktoban 1984, aka buɗe ranar 1 ga Oktoban 1986, ranar da ya cika shekara 62, Reagan ma ya halarta. A ciki akwai takardu kusan shafi miliyan 27, da kwafin ofishin shugaban ƙasa yadda yake a zamaninsa. A 2009 aka sabunta ɗakunan baje kolin.

Da na shiga, na ga abin da ake gani a irin waɗannan gidaje, wato labarin mutum daga bakin masu ƙaunarsa. Yarjejeniyar Camp David ta 1978 tsakanin Masar da Isra'ila ta samu wuri na musamman, amma ni a matsayina na Musulmi zuciyata tana ga Falasɗinawa, waɗanda ba su zauna a teburin ba, har yau kuma ba su ga ƙasar tasu ba. Shi ma Carter, in za a yi masa adalci, ya fito ƙarara ya yi magana a kan halin da suke ciki bayan ya sauka, ya kuma sha suka a gida saboda haka.

Abin da ya fi ratsa ni yana maƙwabtaka da ɗakin takardun. Tun 1982 shi da matarsa Rosalynn suka kafa Cibiyar Carter tare da Jami'ar Emory, da niyyar sasanta masu rikici. Sannu a hankali aikin ya faɗaɗa zuwa sa ido a zaɓuɓɓuka da yaƙar cututtukan da manyan ƙasashe suka manta da su, ciki har da kurkunu. Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa kafin shekarun 2000 ya san kurkunu: ƙafa ta kumbura, tsutsa ta ɓullo, a yi ta naɗe ta a tsinke kwana da kwanaki, manomi na kwance damina na wucewa. A 1986 an kiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a ƙasashe 21. Najeriya kaɗai ta ƙirga sama da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980. Cutar ba ta da magani ko rigakafi, sai ƙyallen tace ruwa, da rijiyar burtsatse, da hana mai ciwo tsoma ƙafa a tafki. Janar Yakubu Gowon ya shiga ƙauyuka yana wannan wa'azi. A Disambar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da ita.

Carter Kirista ne, ɗan Baptist, ya yi shekaru yana koyar da karatun ranar Lahadi a cocin Maranatha da ke Plains. Hisabinsa yana wurin Allah. Amma mu da aka karantar da mu falalar shayar da ruwa da sadaka mai gudana, ya kamata mu ji nauyi a ce wani daga nesa ne ya damu da tafkin ƙauyenmu, alhali muna da attajirai da tsofaffin masu mulki.

Ya rasu ranar 29 ga Disambar 2024 yana da shekara 100, bai ga ƙarshen cutar ba. A 2023 mutum 14 aka samu a duniya, mafi yawansu a Chadi, inda tsutsar ta koma jikin karnuka, ma'aikatan cibiyar kuma suna can suna bin ƙauyukan bakin kogin Shari.