Meyhana: Waƙar Nan Take da Masana Suka Yi wa Riƙon Sakainar Kashi

A shekarar 2009 hukumar UNESCO ta sanya fasahar ashik ta ƙasar Azarbaijan cikin jerin al'adun gado na duniya. Ashik mawaƙi ne mai rungume da saz, wani molo mai dogon wuya, kuma gwanayensu irin su Ashik Alasgar, wanda ya rasu a 1926, sun shahara da deyishme, karawar da mawaƙa biyu ke jifan juna da baitoci har wanda aka kayar ya miƙa molonsa. Wannan karramawa ta dace. Sai dai ina ganin inda ƙiren waƙa ya fi rai a yau shi ne meyhana, wadda masu ilimi suka daɗe suna kallo a matsayin hayaniyar 'yan tasha.

Cibiyarta ƙauyukan Absheron ne da ke kewaye da Baku, musamman Mashtaga. A wurin biki maza kan zauna gaban teburi, a jefo amshi guda, kowa ya ɗora ɗangonsa bi da bi, ana kaɗa yatsu ko ganga. Dole ɗangon ya amsa maganar wanda ya gabata, ya faɗa kan amsa-amon da aka gindaya, kuma kada kari ya karye. Karin nan na aruli ne, ma'aunin da rubutacciyar waƙar Hausa ma ta ara daga Larabci. Wanda ya iya auna gaɓoɓi cikin ƙiftawar ido, abokin karawa na zolayarsa, jama'a na jiran ya yi tuntuɓe, ba a ce masa jahilin adabi. Aliaga Wahid (1895–1965), wanda ake ji da shi a fagen rubutacciyar waƙar gazal, a fagen meyhana ya goge.

Hukumomin Tarayyar Sobiyet, da suka mulki ƙasar a da, sun tsargu da meyhana, domin baitin da ba a rubuta ba babu yadda za a tace shi kafin ya fito. Ta fake a gidajen biki har zamanin 'yan meyhana irin su Nizami Ramzi, waɗanda suka fito da ita fili, daga baya talabijin ta mayar da ita gasa.

Nan damuwata take. Gasar talabijin na da ƙayyadadden lokaci da alƙalai, abin da ke ingiza mawaƙi ya zo da baitoci a aljihu. Manazarcin da ke son auna gwanintar ɗan meyhana sai ya bi shi gidan biki, ya naɗi karawar tun daga jefa amshi har a tashi, haɗe da shewar masu sauraro.