Samanja Mazan Fama da Wasannin Masu Kaki a Talabijin

Samanja Mazan Fama wasan kwaikwayo ne na Hausa da aka daɗe ana yaɗawa daga Kaduna, a rediyo da talabijin, wanda ya fi yin tashe a shekarun 1970 da 1980. Labarin wani samanjan soja ne, da yadda yake zama da iyalinsa da na ƙasa da shi a bariki. Usman Baba Pategi ne ya fito a matsayin Samanja, kuma sunan ya bi shi har ya danne nasa na yanka. A tarihin talabijin na Arewa babu wani wasa na masu kaki da ya shiga ran jama'a kamarsa.

Gidan da wasan ya tashi a cikinsa tsoho ne. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, shekara uku bayan na Ibadan. A 1977 gwamnatin tarayya ta kafa NTA, ta tattara tashoshin talabijin na ƙasar a ƙarƙashinta. Pategi kuwa Banupe ne, ɗan gidan sarautar Pategi a Jihar Kwara ta yanzu, kuma ya sa kakin soja da gaske a zamanin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Shi ya sa tsayuwarsa da tsawarsa da yadda yake sara wa na gaba ba su yi kama da na ɗan koyo ba. Maganarsa ita ce babban jarin wasan: Hausar bariki mai karyayyen harshe, gauraye da Turancin buroka, irin wadda sojoji daga ƙabilu daban-daban ke yi da juna. Yara kan kwaikwaye ta a makaranta washegari, manya kuma su yi ta tsokanar juna da ita a majalisa.

Sai an dubi zamanin za a gane dalilin wannan ƙauna. Kafin yaƙi sojan Nijeriya bai wuce kusan 10,000 ba, amma da aka ajiye makamai ya kai kusan 250,000. A gari da wuya a rasa wanda ɗansa ko ƙanensa ya shiga. Mulki ma a hannun soja yake daga 1966 zuwa 1979, ya sake komawa hannunsu daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. Talaka na ganin mai kaki a shingen hanya sai gabansa ya faɗi. Samanja ya kawo wannan mutum cikin tsakar gida, ya nuna shi yana kuskure, yana cika baki, ana ja da shi a gida, wani lokaci kuma yana tsaya wa gaskiya ko da za ta cutar da shi. Mai kallo ya sami damar yi wa kaki dariya ba tare da tsoron bulala ba, sojoji kuma ba su ji an ci mutuncinsu ba, domin nasu ne ke yin wasan. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma Pategi ya cancanci yabo a kansa fiye da wanda aka yi masa yana raye.

A ƙasar Kabi, garuruwa irin su Gwadangaji, wanda ke gefen Birnin Kebbi kuma a nan sakatariyar jiha take a yau, sun kasance cikin Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, sannan Jihar Sakkwato daga 1976, har aka ƙirƙiri Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta 1991. A zamanin Samanja, Rediyon Kaduna na isa ko'ina a gajeren zango, har ga masunci a bakin gulbin Rima da manomin shinkafa a fadamar Argungu. Talabijin kuwa kayan masu hali ne. A unguwa guda akwati ɗaya ake samu, mai hoto baƙi da fari, a fito da shi waje bayan sallar isha'i, a shimfiɗa wa yara tabarma a gaba, manya su jeru a baya. In hoto ya fara yayyafi sai a tura wani yaro ya riƙa juya sandar eriya ana yi masa ihu daga ciki har ya daidaita. In babu wuta a jona batirin mota. Tashar NTA ta Sakkwato ma tana da nata wasan mai dogon zango, Idon Matambayi, wanda mutanen yankin suka riƙa domin da irin Hausarsu ake magana a cikinsa.

A Kano an yi Kuliya Manta Sabo, wasan kotu, inda Daudu Galadanci ya fito a matsayin alƙali. Kowane mako a kawo rigimar gado ko ta aure ko ta bashi, a saurari ɓangarori, a yanke hukunci. Akwai kuma wasannin Kasimu Yero a Kaduna da na Karkuzu a Jos.

Abin lura shi ne soja ya sami wasansa, alƙali ya sami nasa, amma ɗan sanda bai sami makamancinsu ba a talabijin na Hausa na wancan lokaci. A Ingila akasin haka ne. BBC ta nuna Dixon of Dock Green daga 1955 zuwa 1976, sannan tashar ITV ta kawo The Bill, wanda Geoff McQueen ya ƙirƙira, aka fara shi a 1984 aka rufe a watan Agusta na 2010 bayan kashi sama da 2,400. Labarin ofishin 'yan sanda ne na ƙage mai suna Sun Hill a gabashin Landan, kuma a farkonsa ƙa'idar marubutan ita ce a nuna komai ta idon ɗan sanda a bakin aiki, ba a bin sa gida. Masoyansa sun yawaita har a Ostireliya. A Arewa tarihin ɗan sanda daban ne. Dogarai da 'yan doka na hukumar En'e, kamar ta Gwandu mai hedikwata a Birnin Kebbi da ta Argungu, su ne jama'a suka sani da kamu da karɓar haraji, har zuwa ƙarshen shekarun 1960 da aka haɗe 'yan doka da rundunar 'yan sandan Nijeriya. Wanda aka fi sani da kamu, da wuya a zauna kowane mako ana tausaya masa a akwati.

Daga 1990 finafinan bidiyo na Kano suka fara janye masu kallo daga wasannin gidajen gwamnati. Wasa mai dogon zango ya sake farfaɗowa bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, daga baya kuma Labarina na Aminu Saira. Abin da matashi zai samu na Samanja a YouTube a yau gutsattsari ne, wasu hotonsu ya dusashe, wasu babu farko babu ƙarshe. Ya kamata gidajen da suka yi waɗannan wasanni su binciko faya-fayen da suka rage a ɗakunan ajiyarsu, su mayar da su na zamani tun kafin su lalace. Usman Baba Pategi ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 2023.