Mayyar da ba ta mutuwa: kashi na biyu a kasuwar fim ta Kumasi

Ana yawan ɗaukar kashi na biyu na fim ɗin ban tsoro a matsayin alamar ƙarewar basira. Tarihin bidiyo a Gana bai goyi bayan wannan hukunci ba. Tun 1987, da William Akuffo ya fitar da Zinabu, labarin wata mayya mai dukiya, ci gaban labari kashi-kashi ya zama ginshiƙin sana'ar. Diabolo, inda Bob Smith Jnr ke rikiɗa maciji ya sa mata su yi aman kuɗi, shi ma ya haifi kashi bayan kashi. Da masana'antar fim ta Kumawood ta bunƙasa a Kumasi cikin harshen Twi, sai Kyeiwaa, mayyar da Rose Mensah ta fito a matsayinta, ta bi wannan turba har sunan ya danne sunanta na yanka.

Tallar kanta ta koya wa jama'a jiran ƙari. A da, masu yawo da bidiyo da janareta kan haɗa buhunan fulawa, mai zane ya cika su da jini da fiƙoƙi da idanu jajur, sau da yawa fiye da abin da ke cikin kaset ɗin. Lambar 2 a jikin irin wannan zane alkawari ce cewa abin da ya firgita ka jiya ya dawo da ƙarfi.

Masu suka za su ce kwaɗayi ne kawai: a raba labari ɗaya gida biyu don a sayar da faifai biyu a kasuwar Kejetia kafin 'yan satar fasaha su kwafe. Akwai gaskiya a nan, kuma wasu furodusoshin sun cuci mai saye. Amma wannan ya bayyana dalilin mai sayarwa ne, bai bayyana abin da ke mayar da mai kallo gaban shago ba.

A nan Zongo, unguwannin Musulmin Kumasi, ke da abin faɗa. Mai bincike Birgit Meyer ta nuna yadda waɗannan finafinai suka ɗauki launin cocin Pentikostal, inda fasto ke fatattakar iblis a ƙarshe. Musulmin Aboabo ko Asawase ya yarda akwai sihiri da aljanu, kuma zancen kuɗin tsafi ba baƙo ba ne a kunnensa. Maganin ne ba nasa ba, domin shi wurin malam da ruƙiyya ya dosa. A ganina, shi ya sa ƙarshen fim ba ya rufe masa labari. Barazanar ita ce ta shige shi, nasarar faston kuwa ta wasu ce, saboda haka dawowar mayya a kashi na gaba ba ta saɓa wa hankalinsa. Furodusan da ya ɗauka sunan jarumi kaɗai yake sayarwa a unguwannin nan bai gama fahimtar masu sayen faifansa ba.